Bokiti Biyu Kafin A Cire Injin

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau biyu ina farawa ina yaga takardar. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko a gaban mutum uku aka ce in yi magana sai in ji harshena ya yi nauyi. Sannan akwai Gwaggo a cikin labarin, yayar mahaifina, wadda ita ta kama hannuna ta kai ni wurin aikin. Na san in wani ya karanta mata ba za ta ji daɗi ba. Amma har yau in aka tashi tuna abin a wurin aikinmu, sai a ce ranar da Bebiya ta yi wa gwaggonta tsaurin ido. Ni ce Bebiyar, haka suke kirana saboda shiruna. To ni ma ina da nawa bayanin, kuma tun da baki ba ya yi mini, bari in gwada biro.

Ina aiki a ɗakin cin abinci na wata masana'anta da ake ɗinka buhuna. Ma'aikata sun kai ɗari biyu. Ƙarfe ɗaya ake busa jiniya, su shigo kashi biyu, su ci, su tara mana farantai da cokula da kofuna a kan keken da muke turawa zuwa baya. Mu uku ne a wurin wanke-wanke. Gwaggo ce babba, shekararta ashirin da biyu a wurin. Sai Uwar Biyu, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana taunar wani abu. Sai ni.

Lokacin da na fara, da baho uku muke wanki. Na farko ruwan sabulu, na biyu ɗauraya, na uku ɗauraya ta ƙarshe. Gwaggo tana da tsarinta. In ruwan sabulu ya mutu, ba a zubar da shi a kwata, da shi ake wanke ƙasa. Sai ruwan baho na biyu ya koma na farko a zuba masa sabulu, na uku ya koma na biyu, na uku kaɗai ake zuba wa sabon ruwa. Ranar da na fara aiki na bar famfo a buɗe na je ɗauko soso, ta doke mini bayan hannu da cokali. Ta ce ruwan nan daga tanki ɗaya yake saukowa, wanda ake cikawa sau ɗaya da safe, kuma da shi mutum ɗari biyu za su wanke hannu su shiga bayi. Ban ƙara ba.

Ban cika shekara ba hannuwana suka fara. Da farko ƙaiƙayi ne tsakanin yatsu. Daga nan fata ta riƙa saɓulewa, gaɓoɓin yatsun suka tsage. In na tashi da safe sai na daɗe kafin in iya dunƙule hannu, in na matsa kuma tsagar ta buɗe ta yi jini. Na gwada safar hannu ta roba, gumi ya taru a ciki, abin ya ƙaru. Nas ɗin da ke ɗakin magani na masana'antar ta ba ni man shafawa da bandeji, ta ce maganin gaskiya ɗaya ne, in raba hannuna da ruwan sabulu. Na ce mata ai aikina ke nan. Ta ce to in zaɓa, ko aikin ko hannun. Ban zaɓa ba, don aikin nan shi ke riƙe da ni da Inna, mahaifiyata. Na ci gaba da tsoma hannu ina cije leɓe.

Ana haka aka kawo injin wanke kwanuka. Ba don ni aka kawo shi ba, Manaja ne ya gani a wani wuri ya ce mu ma sai mun yi. Babban akwati ne na farin ƙarfe, tsayinsa ya kai kafaɗata. Akwai kwanduna na roba da ake jera farantai a tsaye, goma sha takwas a kowanne. A tura kwando ciki, a ja murfin ƙasa, ya yi ta ruri na minti biyu, a ɗaga murfin, tururi ya taso, farantai su fito da zafi har su bushe da kansu. Waɗanda suka kafa shi suka haɗa mana da sinki biyu na ƙarfe, kowanne da sabon famfo mai ƙarfin gaske. Wuri ya yi kaɗan, sai aka kwashe bahon nan uku aka kai sito.

Ni aka ba injin, saboda ina iya karanta lambobin da ke jikinsa, kuma Gwaggo ta ce ita ba za ta taɓa abin da ke huci ba. Uwar Biyu ta canja mini suna, ta koma kirana Direba. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko yau ina za mu, in ajiye mata kujerar gaba.

Cikin sati biyu tsagar hannuna ta fara haɗewa. Wata safiya na tashi na ɗaura ɗankwali ban ji zafi ba, sai da na gama na lura. Na zauna bakin gado ina ta buɗe yatsu ina rufewa kamar yarinya.

Matsalar ta fara ne daga ƙwayar shinkafa guda ɗaya. A rana ta uku da kawo injin, wani faranti ya fito da ƙwayar shinkafa manne a gefensa. Kuku, babban mai dafa abinci, shi ya gani. Ya ɗaga farantin sama yana dariya, ya ce a zo a ga wankin zamani, har da guzuri ake ba mutum. Wasa yake yi. Amma Gwaggo ta karɓi farantin fuskarta a murtuke. Ta ce shekara ashirin da biyu ba a taɓa dawo mata da faranti ba, kuma ba za a fara ba don an kawo akwati. Daga ranar ta kafa doka: ba farantin da zai shiga injin sai an wanke shi da soso da sabulu. Da ya fito kuma sai an sake ɗauraye shi, don a cewarta ruwan da ke juyawa a cikin akwati ruwa ne da ya riga ya ga datti.

To babu baho. Sai ya zama ita tana sinki ɗaya tana wankewa a ƙarƙashin famfo, ni ina tsakiya ina saka wankakkun farantai a inji, Uwar Biyu tana ɗaya sinkin tana ɗauraye abin da ya riga ya fita tas. Famfo biyu a buɗe tun daga jiniya har kusan ƙarfe uku da rabi. Faranti ɗaya wanki uku. Uwar Biyu ta ce ko amarya ba ta samun wannan gatan.

Sai tanki ya fara ƙarewa. Da farko wajen ƙarfe huɗu, daga baya tun uku da rabi. Ma'aikata su zo wanke hannu famfo ya yi musu tari. Bayi ya yi wari. Masu ɗinki suka fara leƙo mu ta taga suna cewa injinmu ya shanye musu ruwa. Kuma duk wanda ya tsaya kusa da shi zai yarda, don in yana aiki sai ka rantse kogi ne ke wucewa a ciki. Manaja ya kira mai gyaran famfo, ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya bai ga inda ke yoyo ba. Ya tsaya ya saurari rurin injin, ya girgiza kai, ya ce ga ɓarawon nan a tsaye. Manaja ya shigo sau biyu, duk ya tarar da Gwaggo da Uwar Biyu sun duƙufa a kan sinki, ya yi musu sannu da ƙoƙari. Ba wanda ya kalli famfon. Famfo a buɗe a wurin wanke-wanke ba abin kallo ba ne.

Ranar Litinin ya ce ya gaji da ƙorafi. Ranar Alhamis bayan cin abinci za a cire injin a mayar wa masu shi, a koma yadda ake. Da na ji haka sai na kalli hannuwana. Sabuwar fatar ko ƙwari ba ta yi ba.

A yammacin ranar ina goge bayan injin, ƙafata ta ture tiyon da ke fitar da ruwansa, ya fita daga ramin kwata. Ga kwando na ƙarshe yana ciki yana wankuwa. Na tsorata, na ce yanzu ɗakin nan zai zama tafki. Na jawo tsohon bokitin fenti da muke jiƙa tsumma, na cusa tiyon a ciki, na tsaya ina jiran ambaliya. Injin ya gama rurinsa ya yi shiru. Na leƙa bokitin. Ruwan da ke ciki ko idon sawuna ba zai rufe ba.

Na ɗauka wani wuri ruwan ke bi. Na duba ƙasa, na duba baya, babu. Kullum ni ke ciro rariyar da ke cikinsa in wanke, na san akwai ruwa kwance a ƙasansa, amma ban taɓa tunani a kai ba. Ashe wannan ruwan yake ta watsawa yana maimaitawa, sai a ƙarshe ya ɗebi sabon ruwan zafi kaɗan ya ɗauraye. Duk rurin nan na ruwa ɗaya ne.

Washegari na bar tiyon a cikin bokitin tun safe, na kare shi da kwandon shara. Duk lokacin da ya cika sai in juye a kwata, in jefa murfin kwalba ɗaya a aljihu. Da aka tashi, har da ruwan cikinsa da ake zubarwa da yamma, murfi huɗu na samu. A ranar kuma, muna cikin aiki, na jira Uwar Biyu ta ɗan fita, na tara bokitin a famfonta. Kafin injin ya gama kwando ɗaya bokitin ya cika yana zuba. Na fara lissafi da yatsu, famfo biyu, awa biyu da rabi, na wuce bokiti ɗari, na bari.

Da Gwaggo muke tafiya gida, unguwarmu ɗaya. Tun daga ƙofar masana'anta nake juya maganar a baki, sai da muka kusa rabuwa na iya fito da ita. Na gaya mata batun tiyo da murfin kwalba, ina magana ina kallon ƙasa. Na ce ina ganin ba injin ba ne, famfon ne. Na zaci za ta ce ƙarya nake. Sai ta ci gaba da tafiya, ta ce, "Na sani."

Na tsaya. Ita ma ta tsaya ta juyo.

"Ni za ki koya wa famfo? Ranar farko na san abin da yake zubarwa. Bari tankin ya ƙafe, su ɗauke akwatinsu, a dawo mini da bahona."

Na ce, "Gwaggo, hannuna fa?"

Ta miƙo mini nata. Na sha ganinsu, amma ban taɓa kallonsu ba sai ranar. Fatar ta yi kauri kamar tafin ƙafa, farce biyu babu, yatsun ba sa miƙewa sosai. Ta ce nata ma haka suka yi, shekara uku suna jini, daga nan suka mutu ta huta, yanzu ko ruwan zafi ba ta ji. Ta ce in yi haƙuri, nawa ma za su saba. Sannan ta rage murya ta ce in yi tunani, in Manaja ya gane akwati da yarinya ɗaya sun isa, me zai yi da tsohuwa da mai 'ya'ya biyu? Ta ce in na buɗe baki a kan wannan magana, in san da wa nake yi.

Ban taɓa mayar mata da magana ba tun ina ƙarama. Na tafi gida ina jin tausayinta, ina kuma jin wani abu mai zafi a ƙirji wanda ban san sunansa ba. Kalmar nan ce ta tsaya mini, wai suka mutu ta huta. Shekarata goma sha tara.

Ranar Laraba na yi aiki kamar kullum. Sau biyu Manaja ya wuce ta gabana, sau biyu na buɗe baki na rufe. Abin da kawai na iya yi shi ne na samo murfin wata tsohuwar roba, na yanke shi da wuƙa daidai tafin hannu, na gwada a ɓoye a kan faranti ɗaya. Shara ɗaya yake kwashe ragowar abinci. Na sa shi a aljihu tare da murafan kwalbar.

Ranar Alhamis kashi na biyu suna cikin cin abinci Manaja ya shigo, mai gyaran famfo na biye da shi da sifana a hannu. Ya ce da an gama wannan wankin a kwance bututun. Mai gyaran famfo ya tsuguna yana duba inda zai fara. Uwar Biyu ta ce mini, "Direba, yau mota ta zo tasha. Sauko ki kama soso."

Ita ce ta turo keken, cike da farantai masu maiƙo da miya. Hanyarsa ita ce ya wuce ni ya je wurin Gwaggo. Da ya zo daidai ni sai na sa ƙafa na tare tayar. Ban shirya ba, ƙafar ce ta yi da kanta. Na ɗauki faranti na sama, na share shi da robar nan a cikin kwandon shara, na tsayar da shi a kwandon injin da maiƙonsa da komai. Na ɗauki na biyu.

Gwaggo ta ce, "Ke. Me kike yi?"

Na ci gaba. Na uku, na huɗu.

"Da ke nake. Ajiye farantin nan."

Na cika goma sha takwas. Sannan na juya wajen Manaja, ban iya kallon fuskarsa ba, aljihun rigarsa na kalla. Na ce, "Yallaɓai, kafin a cire, a ba ni bokiti biyu."

Ya ce me na ce? Dole na maimaita da ƙarfi, har Kuku ya leƙo daga wurin murhu. Uwar Biyu ta ce yau ga Bebiya da murya, a rubuta ranar. Manaja ya tambaya me zan yi da bokiti. Na ce in ya gani zai gane, ni ban iya bayani ba. Mai gyaran famfo ne ya taimake ni, ya ce minti nawa ne, a bar yarinya ta gwada. Ya fita ya dawo da bokitin fenti irin nawa.

Na zaro tiyon daga kwata na sa a ɗaya. Ɗayan na ɗauka na nufi sinkin Gwaggo. Famfonta na zuba kamar yadda yake zuba kullum. Ba ta matsa ba. Na tsaya a gefenta da bokitin, kafaɗata na taɓa tata, ina jin numfashinta. Na ce, "Gwaggo, gafara." Ta dube ni kallon da tun ina yarinya yake sa ni kuka. Na sa hannu ta gabanta na ajiye bokitin a ƙarƙashin famfon. Ta kai hannu za ta rage shi, Manaja ya ce a bar shi yadda yake. Na koma na tura kwandon, na ja murfin.

Injin ya ɗauki ruri. Masu ɗinki biyu da suka kawo farantansu suka tsaya a bakin taga. Ruwan famfo na hawa a bokitin Gwaggo, ya wuce rabi, ya kai wuya, ya fara malala cikin sinki, injin bai gama ba. Da ya yi shiru mai gyaran famfo ya ɗago ɗaya bokitin da yatsa biyu, ya karkata shi kowa ya gani. Ya ce, "Ashe ni ne na yi wa bawan Allah ƙazafi." Na zaro murafan kwalba huɗu na ɗora a kan injin, na ce wannan shi ne abin da yake sha a yini, kowane murfi bokiti ɗaya.

Gwaggo ta ce ruwa kaɗan ai datti kaɗan yake fitarwa, a buɗe a gani. Na ɗaga murfin. Ta ture ni ta ɗauki farantan da zafinsu, da hannun nan nata da ba ya jin zafi. Ɗaya bayan ɗaya take ɗagawa wajen haske, ta goga yatsa ta ji ko zai yi ƙara, ta shinshina. Na goma sha ɗaya ta tsaya. Akwai ɗan ɓawon tumatir manne a bayansa. Ta ɗaga shi sama yadda Kuku ya yi ran nan, ta ce ga shi, wannan za a ba mutane su ci a ciki?

Na karɓi farantin. Na ɗauke ɓawon da farce, na mayar da shi cikin kwando na gaba. Na ce, "Ɗaya ne cikin goma sha takwas. Sai ya sake zagayawa."

Ta ce wato ni har na yi girman da zan koya mata wanke-wanke a gaban mutane.

Na ce, "Ke kika koya mini. Ke kika doke ni da cokali a kan famfo." Sannan na ce, "Gwaggo, ba na son nawa hannun su mutu."

Ban san ko sauran sun gane ba. Ita ta gane. Ta kashe famfon da kanta, ta goge hannu a zani.

Manaja ya daɗe yana kallon bokitan biyu. Ya ce wa mai gyaran famfo ya mayar da sifanarsa. Ya ce gobe za a gwada yini ɗaya, ba wanki kafin inji, ba ɗauraya bayansa. Ƙarfe huɗu zai sa a hau a duba tanki. In da ruwa, injin ya zauna. In babu, ranar Asabar a ɗauke shi, kuma ba ya son ƙarin magana. Sannan ya juya ya kalli Gwaggo da Uwar Biyu, ya ce to in haka ne su biyun me za su riƙa yi?

Abin da Gwaggo ta faɗa a hanya ke nan, ga shi ya fito tun ba a je ko'ina ba. Uwar Biyu ta daina murmushi. Na riga na ƙarar da duk maganar da na tanada, amma na ce masa tukwanen Kuku ba sa shiga injin, ko ɗaya. Na ce tire-tire ma ba sa shiga, ga tebura ashirin, ga sharewa da jerawa, in ni kaɗai ce kashi na biyu zai zo ya tarar babu faranti. Kuku ya sa baki daga baya, ya ce tun da aka kawo injin tukwanensa sai yamma ake taɓa su, ƙanzo ya bushe, yana ta magana ba mai ji. Manaja ya ce zai duba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya fita.

Muka ƙarasa aikin. Da aka tashi Gwaggo ba ta jira ni ba. Uwar Biyu ta tsaya tana ɗaura mayafi, ta ce mini, ba da wasa ba, in aka sallame ta sai in zo in gaya wa tagwayenta da wannan sabuwar muryar tawa. Na ce ba za a sallame ta ba. Ta ce ni ce Manaja yanzu?

Kafin in isa gida Gwaggo ta riga ni. Na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗaki, ta ce yanzu gwaggona ta fita. Ta ce ta zo ta faɗa mata na tozarta ta a gaban maza, kuma tun da ita ta kai ni wurin, ita ta cire ni, kada ta ga ƙafata gobe. Inna ta ce in bari kwana biyu ta huce, sannan mu je tare in durƙusa in ba ta haƙuri. Na ce haƙuri zan ba ta, ko sau goma ne. Amma gobe ne za a duba tanki, kuma in ba na nan na san famfon da za a buɗe. Inna ta ce yaushe na zama haka? Na nuna mata hannuwana, gaba da baya. Ta riƙe su ta duba, ta sake ni, ta ce abinci na cikin kwano.

Washegari na riga kowa zuwa, sai mai gadi. Na karɓi makullin sito na shiga. Bahon nan uku suna can ƙarƙashin karyayyun kujeru, sun yi ƙura, gizo-gizo ya yi saƙa a na tsakiya. Na jawo su ɗaya bayan ɗaya. Na sa leda a hannu na wanke su. Na matsar da kwandon shara da keken, na jera su a gefen sinkin Gwaggo yadda take jera su da, na sabulu a hagu. Na cika su, na ajiye sosonta a bakin na farko, na jawo manyan tukwanen Kuku guda biyu na kife a kusa.

Akwai ragowar bandejin da nas ta ba ni a jakata, sabo, ban ƙara buƙatarsa ba. Na raba shi biyu. Na naɗe kan famfo na farko na ƙulle, na naɗe na biyu na ƙulle. Ba zai hana kowa buɗewa ba, amma duk mai son buɗewa sai ya tsaya ya kwance shi a gabana.

Na kunna injin ya ɗebi ruwansa ya fara zafi. Zuwa lokacin masu aikin safe sun iso, sun bar kofunan shayi a kan keke, da guntun madara a ciki. Ina cikin jera su a kwando na ji takun takalmin Gwaggo a baranda, na san shi ko cikin mutum ɗari. Na kai hannu kan bandejin da ke kusa da ni kamar zan kwance, sai na ƙara ja ƙullin ya yi tam. Na koma na ɗauki kofi na gaba, yadda yake da dattinsa, na kife shi a kwandon.